Tsofaffinmu da itatuwa, garka da bakin gulbi: tambayoyi da amsoshi kan kwanciyar hankalinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa in ana hirar iyayenmu da kakanninmu da sunka manyanta, musamman mu da ke zaune Yamai munka ɗauko su daga Tawa ko ƙauyukan Adar wai su zo su huta. Muna kula da tuwonsu da maganin hawan jininsu da na suga, amma abin da ke cikin ransu ba kasafai muke tambaya ba, alhali wani babban ɓangare na kwanciyar hankalin tsoho yana rataye da ƙasa da icce da dabba da sararin sama da ya saba da su tun yana yaro.

Wai me ake nufi da kusanci da halitta? Ba fita waje shan iska ba ne kawai?

Fita waje daban, kusanci daban. Mutum biyu za su zauna ƙarƙashin gawo ɗaya, na farko inuwa kawai ya sani, hankalinshi yana kan portabul, na biyu kuma ya lura gawon ya fara zubar da ganye, ya san damina ta kusa ke nan tunda shi gawo da damina yake kaɗe ganyenshi ya sake tohowa in ruwa ya ɗauke, ya ga shamuwa ta dawo ta fara gyara sheƙa, ya ce lallai a fiddo iri. Na biyun shi ake nufi. Yana jin shi ma yana cikin abin, abin da ya samu iccen nan ya shafe shi.

Masana halayyar ɗan Adam har auna wannan suke yi. A 2004 wasu biyu a Amurka, Mayer da Frantz, sun tsara jimloli 14 da ake karanta ma mutum ya faɗi iyakar yadda ya yarda da kowace, a gane yadda yake jin dangantakarshi da tsirrai da dabbobi da ƙasa. Daga baya a 2014 wasu masana a Kanada sun haɗa bincike iri-iri da ya shafi mutum sama da 8,000, sunka ga cewa masu jin wannan kusanci sosai sun fi nuna farin ciki da kuzari da gamsuwa da rayuwarsu. Alaƙar ba wata babba ba ce ƙwarai, amma tana nan, kuma tana maimaituwa daga wannan bincike zuwa wancan.

To ina ruwan icce da lafiyar ƙwaƙwalwa? Ta wace hanya yake taimakawa?

Hanyoyin suna da yawa kuma a sarƙe suke da juna.

Akwai saukar da tashin hankali a jiki. Binciken da ya fi shahara a nan shi ne na Roger Ulrich a 1984, ya duba takardun marasa lafiya 46 da anka yi ma aikin matsarmama a wani asibiti a jihar Pensilbeniya, rabi tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, rabi tana kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga fita asibiti da kusan kwana guda, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar sauran ba. Taga ce kawai fa, ko fita ba su yi ba.

Akwai hutun hankali. Rachel da Stephen Kaplan, mata da miji ne masana a Jami'ar Mishigan, su sunka yi bayanin cewa hankalin mutum yana gajiya in ana tilasta mishi ya bi abu, hayaniyar moto da kabu-kabu, labarai a tele, lissafin kuɗi, amma motsin ganye ko gudun ruwa ko garken awaki na dawowa da marece suna jan hankali a hankali ba tare da sun gajiyar da shi ba, sai ya samu ya huta. A 2015 a Jami'ar Stanford an sa wasu tafiyar minti 90, wasu cikin ciyayi da itatuwa wasu a bakin babbar hanya, na cikin itatuwan sunka dawo da ƙarancin saƙe-saƙen nan na juya baƙin tunani guda a rai. Matasa ne anka gwada a wannan, amma wanda ya zauna da tsoho ya san saƙe-saƙe shi ne babban abin da ke cin su, tunanin waɗanda sunka riga mu gidan gaskiya, tunanin ɗiyan da ke Libiya ko Abijan bai kira ba.

Sai hasken rana. Hasken safe shi ke daidaita agogon jiki, tsohon da ya wuni a ɗaki mai duhu labule a sake, da rana gyangyaɗi da dare ido biyu, kuma rashin barci da ciwon damuwa abokan tafiya ne. Sai motsa jiki, wanda ke zuwa da kanshi in akwai abin da za a je a duba. Sai mutane, don a wurinmu inuwar icce ita ce majalisa, wanda ya rasa iccen zama sau da yawa ya rasa abokan hira ke nan.

An taɓa bincike a kan tsofaffi su kansu?

An yi. A Tokiyo ta Japan an bi tsofaffi sama da 3,000 tsawon shekara biyar, sakamakon ya fito a 2002, waɗanda unguwarsu ke da hanyoyi masu itatuwa da wuraren tafiya a ƙasa sun fi yawan waɗanda ke raye bayan shekarun nan biyar. A Ingila kuma a 2019 an fitar da binciken mutum kusan 20,000 da ya nuna masu samun aƙalla minti 120 a sati cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi cewa suna jin lafiya da kwanciyar hankali, kuma abin ya tabbata har ga tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 1976, na Ellen Langer da Judith Rodin, a wani gidan kula da tsofaffi a Amurka. Sun raba tsofaffin kashi biyu. Kashi ɗaya anka ba su shuka a tukunya anka ce ku za ku kula da abinku, anka kuma bar musu zaɓi a ƙananan al'amuran yini. Ɗaya kashin su ma an ba su shuka amma anka ce kar ku damu ma'aikata za su ba ta ruwa, komai za a yi muku. Bayan makonni kaɗan na farkon sun fi walwala, sun fi shiga mutane, ma'aikatan ma sun shaida. Ka duba da kyau, duka biyun suna da shuka a ɗaki. Bambancin shi ne wa shukar ke jira.

Gaskiya guda da ya kamata a faɗa, yawancin irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, kuma mai ƙoshin lafiya dama shi ya fi iya fita, don haka wani sashe na abin daga lafiyar yake tafiya zuwa fitar. Amma gwaje-gwaje irin na Langer da na tafiyar minti 90 suna nuna abin yana tafiya ta ɗaya hanyar ma. Kuma matsalar ba ƙarama ba ce, hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce kusan kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa da fargaba su ne kan gaba.

Mun ɗauko Baba daga ƙauye, ga ɗaki mai klim, ga tele, ga abinci sau uku, amma ya yi shiru ya rame. Me munka rage?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubuta duk wannan. Ba ku rage komai ba a wajen niyya, Allah ya saka da alheri, ɗaukar nauyin iyaye ba kowa ke yi ba. Amma ku tsaya ku lissafa yinin Baba a can gida. Ya tashi asuba, daga masallaci ya leƙa garke ya ga wace tunkiya ce ba ta ci ba, ya kalli gabas ya karanta hadari, ya taka zuwa gona ko da ba shi zai riƙe hauya ba, ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu ya ce wannan ruwan bai kai na shuka ba a dakata, kuma a dakata ɗin, don maganarshi ce. Da hantsi yana ƙarƙashin bedi da tsaranshi, mai wucewa ya rusuna ya ce Baba ina kwana, ina gajiya, a tambaye shi iyakar gonar wane da wane don shi ya san wace aduwa ce alama. Kowane icce a hanyar nan yana da labari a wurinshi, wannan tsamiyar nan anka ɗaura aurenshi, waccan magaryar mahaifinshi ya hana a sare.

Yanzu ku lissafa yininshi a Yamai. Kun fita aiki bakwai da rabi, yara sun tafi lakwal, an rufe get, tsakar gida siminti ne ko karo, katanga ta fi tsayinshi, sama ma ɗan yanki yake gani. Ba abin da ke jiranshi. Iliminshi na shekara saba'in, na ƙasa da iska da taurari, lokacin fitowar Kaza da ƴaƴanta, wane tsiro ke maganin me, ba mai tambaya. In ya ce bari in share ƙofar gida sai a ce haba Baba, mutane su ce me, zauna ka huta. Wannan "zauna ka huta" da muke faɗa da ƙauna ita ce ke karya su wallahi. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi.

Don haka in ya yi shiru, a fara kai shi likita a duba jini da suga da ji da gani, don wani lokaci kunne ne ya yi nauyi ya janye daga hira. Bayan nan a tambaye shi kai tsaye, Baba me ka fi kewa a gida? Da wuya amsar ta zama abinci. Galibi zai ce dabbobina, ko gona, ko ya ambaci sunan wani wuri. Daga amsar nan za ku san ta inda za ku fara.

Amma tsofaffinmu ai wahala sunka sha a daji. Wannan ba zancen Turawa ba ne da sunka ƙoshi?

Akwai gaskiya a ciki. Macen da ta yi shekara hamsin tana tafiyar nesa neman icce da ruwa, kanta ya saba da gammo, ba za ka zo ka ce mata daji wurin shaƙatawa ba ne. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ya ga shanunshi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ya san daji yana da wata fuska. Kuma talauci da yunwa da rashin magani ba a rufe su da zancen kukan tsuntsu.

Sai dai wahala da shaƙuwa ba sa korar juna. Ka saurari tsohon Adar yana lissafa itatuwan da ke tsakanin garinsu da kasuwa a da, inda yanzu sai fako da duwatsu, za ka ji muryarshi ta canza kamar mai lissafa mamata. Wani masani ɗan Ostireliya, Glenn Albrecht, ya yi rubutu a kan irin wannan baƙin cikin, na mutumin da bai bar gida ba amma gidan ya canza a idonshi har ya daina gane shi. Tsofaffinmu sun fi kowa saninshi.

Kuma su ɗin dai su sunka tsaya aka gyara abin da ya gyaru. Layukan bedi na kare iska a kwarin Majiya tun 1975 anka fara dasa su. Aikin Keita da ya fara a 1984, mata da yawa ne sunka ɗauki duwatsu a ka anka tare ruwa anka raya fako. Tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙa ma shuka don su tare ruwan sama, a wajen Illela da Badagishiri, da sassabin zamani da ya bazu daga Maradi, inda manomi ke barin kututture ya toho ya rage mishi rassa ya zama icce, har anka kiyasta hekta wajen miliyan 5 sun sake samun itatuwa a ƙasar nan. Matasan da sunka yi wannan aiki a lokacin su ne tsofaffin yau. In kana son ka ga fuskar ɗaya daga cikinsu ta washe, tambaye shi wane icce ne ya raya da hannunshi.

Gidan haya muke, tsakar gida siminti, ba fili. Me za mu iya yi?

Abu da yawa, kuma ba ya cin kuɗi. Na ga wata tsohuwa a wata unguwa nan Yamai, jikarta ta yanke mata bidon uku na mai da sunka fashe, anka huda gindinsu anka cika da ƙasa da takin awaki. Ɗaya na'ana'a, ɗaya yakuwa, ɗaya kuma zogale da bai wuce gwiwa ba lokacin. Ruwan alwalarta take tarawa a ƙaramin kwano ta zuba musu, da safe kafin ta sha koko sai ta ja kujerarta ƴar tsugunne ta zauna gabansu tana juya ganye ɗaya-ɗaya tana duba tsutsa, in ta samu ta cire da farce ta jefa ma kaza. Rana in ta taso ta sa a ja mata bidon ɗin zuwa gindin bango. Samarin fada na ƙofar gida wurinta suke zuwa roƙon na'ana'ar shayi, Inna a taimaka mana da ganye, ita kuma sai ta ja musu rai tukuna ta tsinka da kanta don kar su karya mata reshe. Matar da a da sai an yi da gaske take fitowa daga ɗaki.

Ga namiji sau da yawa dabba ta fi. Rago ɗaya na layya da shi zai riƙa ba harawa da dusa, ko tattabaru, ko kaji biyu-uku in mai gida ya yarda. Kasko da ruwa a kan katanga ma yana tara kurciya da ƙananan tsuntsaye da rani, a dai riƙa canza ruwan kullum saboda sauro. In da hali a dasa icce ɗaya a ƙofar gida a kewaye shi da ƙaya ko tsohuwar taya, ranar 3 ga Agusta da ake bikin dashen itatuwa dama ce mai kyau tunda damina ce kuma ana samun dashe, a ce wannan na Baba ne.

Sharaɗin dai ɗaya ne, abin ya zama nashi da gaske. In ya manta bai ba da ruwa ba a tuna mishi, kar a riga shi. In ya ce ga yadda za a yi, a yi hakan ko da kun karanta wata dabara a intanet.

Ina za mu iya kai su a Yamai ko Tawa?

A Yamai gulbi shi ne babbar ni'imarmu. Bakin kogin Isa ta wajen Gudel da Yantala da Gamkalle har Saga akwai garake, masu kayan lambu suna ban ruwa, masunta da kwale-kwale, da masu sayar da dashe a gefen hanya. Tsohon manomi in ka kai shi nan ba sai ka nema mishi hira ba, kafin ka juya ya shiga gardama da mai garka a kan irin albasa, shi yana cewa ba kamar ta Galmi. Gidan tarihi na Bubu Hama yana da inuwa da dabbobi, ana iya zuwa da jikoki. Dajin bedi da anka fara kewaye birnin da shi tun 1965, wanda gine-gine sunka ci sashe mai yawa nashi, abin takaici, har yanzu akwai guntayenshi da ake samun inuwa.

A Tawa akwai tabkin Babaye cikin gari, ga garake a fadamu da rani, wanda ke da mota kuma Tabalak na nan da ruwanta da tsuntsaye. Amma kar a ɗauka sai an yi doguwar tafiya, kuma da halin tsaro da ake ciki a wasu yankuna ba ma shawara ba ce a nausa daji da tsoho. Bedin ƙofar masallaci da zai je kullum ya fi Tabalak da zai gani sau ɗaya a shekara.

Lokaci nawa ya kamata?

In an bi lissafin minti 120 a sati, bai kai minti 20 a rana ba, kuma binciken ya nuna ba komai ko a haɗe ko a rarrabe. Kar a riƙe agogo dai. Ya fita kullum, ya samu abin da zai lura da shi.

Zafin nan namu fa? Da sauro, da tsoron faɗuwa?

Wannan dole a yi hattara. Watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Yamai da Tawa, jikin tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar na yaro, zai iya bushewa bai ce a ba shi ruwa ba, balle mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari. Lokacin fita shi ne bayan asuba zuwa hantsi, sai bayan la'asar in rana ta yi sanyi, da gorar ruwa a hannu da malfa a ka. In kun ga ya rikice, ko jiri, ko jikinshi ya yi zafi ba gumi, a kai shi inuwa a jiƙa shi a nufi likita nan take.

Da damina kar a kai magariba a bakin ruwa, sauro ne, a kwana cikin gidan sauro. Da hunturu ranar da ƙura ta yi yawa mai asma ko ciwon ƙirji ya zauna ciki, ko ya rufe hanci da rawani. Mai ciwon suga kar ya taka ƙasa ba takalmi ko da yana son jin ƙasa a tafin ƙafa, ƙaya ɗaya tana iya zama gyambo. Faɗuwa kuma maganinta sanda da takalmi mai kama ƙafa da jika a gefe, hana shi tafiya gaba ɗaya shi ke raunana ƙafar har faɗuwar ta zo.

Inna ba ta iya tashi, idonta ma ya yi rauni. Ita shi ke nan?

A'a. A juya gadonta ya kalli ƙofa ko taga, a ɗage labule da safe. In ana iya ɗaukarta a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da hantsi ko da daddare lokacin zafi, ta ji iska. Wanda ido ya gaza hanci da kunne da hannu suna nan, ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari, a buɗe ƙofa ta shaƙa, a kawo mata zangarniyar gero sabuwa da kaka ta shafa ta faɗa muku ko ta yi ido, a ba ta zogale ta tsinke a faifai, ko wake ta ɓare. A riƙa kai mata labari kuma, Inna yau gulbi ya cika har ya taɓa wuri kaza, an ce an yi shuka a gida. Za ta tambaya, kuma tambayar nan alama ce mai kyau.

Wanda ya fara ruɗewar tsufa fa?

Icce ba ya warkar da wannan ciwo, kar wani ya yaudare ku. Amma a gidajen kula da masu irin wannan larura a Turai da Amurka an lura cewa lambu mai kewaye da za su zagaya ciki yana rage musu firgita da faɗa, hasken rana kuma yana taimaka ma barcinsu. Abin da hannu ya saba tun ƙuruciya yakan daɗe bai ɓace ba, wanda ya manta sunan jikanshi sai ka ga bai manta yadda ake ba rago abinci ba. A kula kawai kar ya fita shi kaɗai ya ɓace, a kawar da maganin ƙwari da abubuwa masu kaifi. Kuma don Allah a daina jifar tsohuwar da ta ruɗe da maita ko a ce asiri ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likita ake kai ta.

Wannan zance bai ci karo da addini ba?

Ko kaɗan. Alƙur'ani da kanshi yana kiran mutum ya dubi raƙumi yadda anka halitta shi, da sama, da duwatsu, da ƙasa yadda anka shimfiɗa ta. Kuma hadisi ya inganta cewa musulmin da ya dasa icce ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Tsoho da yawa in ka ce mishi fita ka sha iska don lafiyarka zai ce ni da na gama zamanina, amma in ka ce Malam dasa wannan ya zame maka sadaka mai gudana, gobe da asuba za ka same shi da buta a gindinta. Tasbihin marece ma a gindin icce ana yi.

Ke nan in mun yi duk wannan ba sai an je likita ba?

Sai an je. In tsoho ya yi sati biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace, yana kuka ko yana cewa shi kaya ne gara ya mutu, wannan ya wuce kewar gona, kuma ba "tsufa ne kawai" ba ne kamar yadda muke cewa. Ciwon damuwa ne mai yiwuwa, yana da magani, tsofaffi ma suna warkewa. A fara da likita mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen masu larurar ƙwaƙwalwa kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Wanda anka ɗora ma magani kar a tsayar mishi don an ga ya fara walwala a garka, a bar likita ya yanke. In kuma har ya furta zai cutar da kanshi, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi ranar.

In ya dage shi gida zai koma fa?

A saurare shi, kar a ɗauka rigimar tsufa ce. Wani lokacin ba ta yiwuwa, ciwonshi yana bukatar asibiti kusa ko can ba wanda zai kula da shi, to sai a gaya mishi gaskiya a kuma yi ƙoƙarin abubuwan da anka faɗa a sama. Amma sau da yawa akwai tsaka-tsaki da ba mu dubawa. Iyalai da dama suna raba shekara, ya yi damina da kaka a gida, ya ga shuka ya ga girbi ya sa albarka a rumbu, in sanyi ya wuce zafi ya matso, aiki ya ƙare, sai ya zo birni a duba lafiyarshi ya ga jikoki. A tanadi maganinshi na watannin, a samu wani a gida da zai riƙa auna mishi jini a likitar garin, a sa mishi kuɗin waya a riƙa kira. Kuma in ana kiran kar a tsaya a "ya jiki" kawai, a tambaye shi ruwa nawa anka yi, gero ya fara fidda kai, ya akuyar nan da ke da ciki, za ku ji da kanku a muryarshi ko lafiya yake ko akwai abin da ke damunshi.